Mangala Nawa Ka Zuba Bara?

Ɗan ƙanwata ne ya tsokano ni. Yana aiki da wani kamfani mai sayen riɗi da zoɓo yana kaiwa Turai da Amurka. Ya zo gaisuwar Salla, muna cin tuwo, sai ya ce, "Kawu, ku a zamaninku ai ba a gwajin ƙasa don noman oganik, ko? Sabon abu ne." Na mayar da lomar da na ɗebo cikin kwano. Shekara 35 na yi a ɗakin gwajin ƙasa da ganye, daga 1978 zuwa 2013 da na yi ritaya, kuma kusan kullum abin nan da yake kira sabo nake aunawa. Mu dai taki muke ce masa.

Wata ukun farko ban taɓa ko kwalba ba. Daka ƙasa nake yi a turmi, ina tankaɗe ta da rariya mai ido milimita 2, ina shanya wata a inuwa. Maigidana, wanda kowa ke kira Malam kawai, ya koyi aikin tun Turawa na nan, kuma yana da wani ƙaton littafi mai baƙin bango. Samfur ba ya shiga ɗaki sai mai shi ya zauna a benci ya amsa tambayoyi. Jigawa ce, ko fadama, ko jangargari? Me aka shuka bara da bara waccan? Mangala nawa ta taki ka zuba? Na shanu ne, na awaki, ko sharar birni? Fulani sun kwana da shanu a gonar bayan girbi? Akwai gawo a ciki? Ƙuduji ya fito? Yana rubutawa, sannan ya ɗebi ƙasar ya jiƙa, ya murza tsakanin yatsu, ya kai hanci. Kafin mu kunna komai ya rubuta da fensir a gefen shafi abin da yake zaton zai fito. Da wuya ya yi nisa da sakamakon.

Awon kabon kuwa, hanyar Walkley da Black ta 1934 muke bi, kuma har na bar aiki ban gaji da kallonta ba. Giram 1 na ƙasa, mililita 10 na daikromet mai ruwan lemo, sannan mililita 20 na asid, kwalba ta ɗau zafin da ba ka iya riƙe gindinta. Cikin rabin awar da ake jira za ka san gonar wa ke hannunka. Rairayin jigawa da aka daɗe ana ci ba a mayarwa yakan bar ruwan kamar yadda ya shiga. Ƙasar ƙarƙashin gawo ko ta makwancin shanu sai ta ja shi zuwa kore. Daga nan sai ɗigo, hannun hagu a kan famfon bututu, na dama na juya kwalba, har ɗigo guda ya mayar da koren jan goro. Ka wuce da ɗigo biyu, ka koma farko. Yawancin gonakin tudu da suka bi ta hannuna kabon ɗinsu bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Wata rana, ina shekara ta biyu, Malam ya tafi jana'iza, na karɓi samfur ni kaɗai ban cika littafi yadda ya kamata ba. Da na yi awon fosfaras ruwan ya fito shuɗi kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata. Na rubuta lamba ina ta jin kaina. Da ya dawo ya dubi lambar, ya murza ƙasar, ya ce, "A me aka kawo ta?" Na ce, "A buhu, Malam." Ya ce, "Buhun me?" Na je na duba, tsohon buhun supa ne. Ya ce, "To buhu ka auna, ba gona ba." Ya sa na hau keke na je ƙauyen na ɗebo sabuwa a jakar takarda. Ashe mai gonar ya shekara biyar bai zuba ko mangala ɗaya ba, gyaɗarsa duk ƙosfa ce.

Malam ya taɓa kai mu Samaru mu ga filin gwajin nan da aka fara a 1950, inda aka yanka fili ƙanana ƙanana, wannan kashin shanu, wancan takin zamani, wani duka biyun, wani ba komai, shekara bayan shekara. Abin da filin ya nuna ba ɓoyayye ba ne: inda aka dage da takin zamani shi kaɗai ƙasa ta yi tsami ta rame, inda aka haɗa da kashin shanu ta riƙe ƙarfinta. Duk wanda ya yi aikinmu ya san wannan.

Na yi gaba, bari in koma. Na shigo aiki ana tsakiyar shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo da aka ƙaddamar a 1976, ga kuma na Shagari ya biyo baya a 1980. Gwamnati na biyan kaso mafi tsoka na kuɗin taki, kamfa da yuriya da supa suka cika rumbuna. Tambayar da ake kawo mana ta koma guda ɗaya: buhu nawa a eka? Muna cika layin kabon a takardar sakamako, ba mai karanta shi. Wani jami'i ya taɓa ce wa Malam ya daina ɓata asid a kan kashin shanu. Malam bai ce uffan ba, bai kuma daina ba. Bayan 1986 naira ta faɗi, sinadaran da ake odarsu daga waje suka gagara, wuta ta zama baƙuwa. Mukan jera ganyen masara a tanda da safe, a ɗauke wuta, washegari mu tarar ya yi fumfuna. Da aka janye tallafin takin zamani a 1997, manoma suka koma neman mangala, sai ga shi jakunan sun ragu, Fulanin da ke kwana a gona an fara kallon juna da su a kaikaice, sharar birni kuma ta cika da leda da mataccen batir.

Malam ya yi ritaya kafin kwamfuta ta iso. Da ta iso aka kawo fom mai gida huɗu: suna, ƙauye, amfanin gona, lamba. Ba gidan mangala, ba gidan gawo. Littattafan Malam, sun fi ashirin, aka loda su a sito. Na rubuta takarda sau biyu a ba mu kabad na ƙarfe, ba a amsa ba. Ranar da na buɗe siton, bangon littattafan ne kawai ya rage, gara ta yi gini a ciki.

Ba na ƙin na'urorin yanzu. Wadda ke haska ƙasa da haske ta ba da lamba cikin minti ɗaya ta hutar da yara daga asid ɗin da ya cinye mini riguna, da daikromet ɗin da muka yi ta zubarwa a kwata alhali guba ne. Abin da ke ci mini rai shi ne yaron da ya yi bitar mako guda a otal ya zo yana gaya wa manomi taki kaɗai ya wadatar, bai taɓa auna taki ba. Ni na auna. Takin da ake kwashewa daga turke, bayan rana da ruwa sun gama da shi, sau da yawa rairayi ne ya fi yawa a ciki, fosfaras ɗinsa kuma kaɗan ne. Wanda zai bar kamfa ya san tan nawa gonarsa ke buƙata, ya kuma san inda zai samo shi.

Da muka wanke hannu na ce wa ɗan ƙanwata ya nuna mini takardar da masu ba da shaidar oganik ke ba su. Ya buɗe wayarsa. Don kasuwar Amurka, sai an tabbatar gona ta yi shekara 3 ba a zuba mata abin da aka haramta ba, saboda haka shafin farko tarihin gona ne: me aka shuka, me aka zuba, daga ina, nawa. Ya ce nan ne suke shan wahala, don manoma ba su da rubutu, kowa sai ya ce ya manta.

Na ce, "Ba su manta ba, tambayar ce ba ku iya ba. Kada ka ce masa kilo nawa. Ka zaunar da shi, ka ce mangala nawa ka zuba bara, na wace dabba, wa ya ɗauko maka."

Ya ce, "Kawu, dakata in rubuta."