Riƙon Marayu Daga Sifawa Zuwa Shagari

Mutanen da suka sauka Sifawa tare da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajen 1810 'yan gudun hijira ne, ko da yake mu 'yan ƙasar Bodinga ba mu saba kiransu haka ba. Tun Fabrairun 1804 suka baro Degel zuwa Gudu, suka yi ta ƙaura cikin yunwa da ciwo. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai, ƙarshen shekarar, jama'ar Shehu ta rasa mutum kusan 2,000, har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, marayun Gobir suka ƙaru a kan na jama'a, da yawansu kuwa a matsayin bayi suka shiga gidajen mutane. Wannan ɓangaren ba a cika taɓo shi a wajen wa'azi ba.

Shari'a ta yanka wa maraya rabo a humusin ganima, Malam Abdullahi ƙanen Shehu kuma yana nan zaune a Bodinga, kusa da yayansa, ba mai barin a ci haƙƙi ba ne. Amma abin da ya raya yaran nan riƙo ne. Baffa ko kawu ko malami ya ɗauki yaro, ya sa hannu a akushi ɗaya da 'ya'yan gida, a rubuta masa allo, in ya isa a yi masa aure. Nana Asma'u 'yar Shehu tana da shekara kamar 11 aka yi hijira da ita, don haka ba labari aka ba ta ba. Da ta kafa 'Yan Taru, jajojinta masu malafa kan jagoranci mata daga ƙauyuka, su zo mata da hatsi da man shanu da zuma, ita kuma ta raba wa mabuƙata.

A zamaninmu kuwa, tsohon shugaban ƙasa Shehu Shagari ma maraya ne. An haife shi a 1925, mahaifinsa Magaji Aliyu ya rasu yana ɗan shekara biyar, dangi suka riƙe shi har ya shiga elemantare a Yabo. A 1970 Janar Gowon ya ba shi kujerar kwamishinan raya tattalin arziki da farfaɗo da yankunan da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita. Yana kan kujerar aka kwaso yaran Biyafara sama da 4,000 daga Gabon da Kwaddibuwa, da taimakon hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka shiga cigiyar danginsu gari-gari.

Na tashi na iske mahaifina in ya ɗaure dami goma na gero, sai ya ware ɗaya gefen rumbu, ya aike mu da shi gidan wata bazawara mai yara huɗu, bayan magariba, don kada maƙwabta su gani. Yanzu yaran da 'yan bindiga suka koro daga Isa da Sabon Birni, har da Tureta nan kusa da mu, kango suke kwana, su wuni bara a tasha. Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha tana raba wa marayu shinkafa da yadin Sallah a watan azumi, Allah ya saka, sai dai kafin Babbar Sallah buhun ya ƙare. Kawun da ya kamata ya ɗauki yaron kuwa, shi ma shekara uku ke nan bai taka gonarsa ba.