Daga Daɓen Tsingaro Zuwa Fasassun Tayil

Jama'a, masu bin hanyar Kano zuwa Katsina, in kun wuce Bichi kun doshi Tsanyawa, ku riƙa duban barandar sababbin shaguna da masallatan bakin titi. Za ku ga inda aka shimfiɗe ƙasa da gutsattsarin tayil, fari nan, shuɗi can. Da yawa suna ɗaukarsa dabarar wanda kuɗinsa bai kai na cikakken tayil ba. Alhali sana'a ce da sarakuna suka yi gasa a kanta.

A birnin Uruk na ƙasar Iraƙi, fiye da shekara 5,000 da suka wuce, magina suna cusa 'yan turakun yumɓu masu launi a jikin ɗanyen bango har zane ya fito. Rumawa suka ɗauka da duwatsu, daga baya aka shigo da gilashi. Da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya kammala Ƙubbatus Sakhra a Ƙudus wajen shekarar 691, da ƙananan gilasai masu ruwan zinare aka lulluɓe cikinta. Ɗansa Walid ya yi haka a Masallacin Dimashƙa, aka zana itatuwa da ƙoramu da gidaje, babu mutum babu dabba. A shekarun 960 kuma Halifan Ƙurɗuba Hakam na Biyu ya aika har wurin sarkin Rum neman gwanin da zai ƙawata mihrabin Masallacin Ƙurɗuba.

To mu fa? Namu a hannun mata yake, shi ya sa masu rubuta tarihi ba su cika waiwayarsa ba. Kafin siminti, in za a kai amarya ko an gama sabon ɗaki, matan unguwa ne ke yin gayyar daɓe. A zuba ƙasa a baje, a yayyafa ruwa, a watsa tsakuwa, wasu kuma su jera tsingaron fasasshiyar tukunya. Sai a durƙusa da madaɓai ana bugu ana waƙa, bugun na tafiya da amshi, har ƙasa ta kwanta. A ƙarshe a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ta ba shi duhu da ƙarfi. Daɓen da ya samu hannu yakan yi shekaru ana shara ba ya tashi. Kuma ba mu kaɗai ba ne: a Ile-Ife an tono daɓen tsingaro na ƙarni na 12 zuwa na 15, an kafa kowane guntu a tsaye, layi bayan layi.

Bango da rufi ma ba su tsira ba. Magina kan dasa faranti ko tasa a tsakiyar rufin soro, daidai inda bakan gizo suka haɗu, mata kuma su manna fanteka da ƙananan madubai a ɗakin amarya domin haske ya riƙa wasa. Wanda ya san aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim (1834–1846), ya san ba a bar mu a baya ba wajen ado.

Siminti ne ya karɓe aikin daga hannun mata ya miƙa wa birkila. Tarazo ya yi zamaninsa, da tsakuwarsa da siraran gilasan da ke raba shi gida-gida, sai tayil ya ture shi. Yau buhun fasassu ake saye a kasuwanni irin Ƙofar Ruwa, a kwaɓa siminti da yashi, a dasa guntu-guntu, a cike tsakani, a goge kafin ya bushe.

Abin da ke damuna shi ne yawancin masu aikin watsawa kawai suke yi, duk guntun da hannu ya kai. Ga dagi, ga zanen hula, ga aska takwas ta babbar riga, duk suna jiran mai fitar da su da tayil. Matasan Tsanyawa da Kunci da Bagwai masu wannan sana'a, ku zauna da tsofaffin da suka yi daɓe da hannunsu tun suna raye. Wanda kuma gidansu ke da sauran tsohon daɓe, don Allah ya ɗauki hotonsa kafin a zuba masa siminti.