Marcel Dassault, maƙerin jiragen sama

Yau za mu yi hira a kan wani mutumin Faransa wanda ya yi shekara wajen 70 yana ƙera jiragen sama. Ana rubuta sunansa Marcel Dassault, amma a baki Daso ake cewa. Sunansa na yanka Marcel Bloch. An haife shi a birnin Paris cikin shekara ta 1892. Ubansa likita ne, Bayahude.

Ya gama babbar lakkol ta injiniyoyin jirgin sama a 1913. Kada ku yi tsammani da jirgi ya fara. Da farfela ya fara, watau fankar nan da ke juyawa a hancin jirgi. Ku dubi farfela da kyau, za ku ga a murɗe take. In tana juyawa sai ta riƙa tura iska baya, jirgi kuwa ya yi gaba. In murɗin bai yi daidai ba, ƙarfin injin ya tafi a banza. A lokacin yaƙin duniya na farko Marcel ya zana tasa, kafintoci suka sassaƙa ta da katako a wurin wani mai yin kujeru da tebura. Ya sa mata suna Eclair, watau walƙiya. Soja suka gwada ta, suka karɓa.

Daga nan shi da abokinsa Henry Potez suka ƙera jirgin yaƙi. An nemi su yi guda 1000, sai yaƙi ya ƙare a 1918, aka fasa. Marcel ya bar sana'ar, ya shiga gina gidaje yana sayarwa, sai wajen 1930 ya komo.

A nan ne labarinsa ya biyo ta ƙasarmu. Ya ƙera wani jirgi na ƙarfe mai injin uku, ana ce masa Bloch 120. Tun daga 1934 wannan jirgi yana tashi daga Alje, ya ƙetare hamada, ya sauka Yamai, ya wuce Fort-Lamy wadda ake ce ma Njamena yanzu, har ya kai Kwango. Wasiƙu ya fi ɗauka, da fasinja kaɗan. Me ya sa injin uku? Ku tuna da faɗin hamada. In ɗaya ya mutu a sama, biyu suna nan.

A 1936 gwamnati ta karɓe masana'antunsa. Wannan ƙaramin abu ne in an gwada da abin da ya biyo baya. Jamus ta ci Faransa a 1940. Gwamnatin Vichy ta kama shi ta sa shi kaso. Jamusawa suka nemi ya yi masu aiki, ya ƙi. A 1944 suka kai shi sansanin Buchenwald, inda dubban mutane suka mutu da yunwa da cuta da azaba. An 'yanto shi a watan Afrilu na 1945, yana da shekara 53, jikinsa duk ya lalace. Ya yi shekaru ƙafafunsa ba su ɗaukarsa sosai.

Bayan yaƙi ya canza suna. Wansa Paul janar ne, ya yi yaƙin ɓoye da Jamusawa da sunan aro, Chardasso, daga kalmar Faransanci mai nufin tankar yaƙi. Daga nan Dassault ya fito.

To, ga abin da ya bambanta shi da sauran maƙera. Ba ya son tsalle. In zai yi sabon jirgi, sai ya ɗauki wanda ya riga ya tashi lafiya, ya canza abu ɗaya ko biyu. A 1949 ya yi Ouragan, jirgi marar farfela, wanda injinsa ke feso iska mai zafi ta baya. Ya karkata fikafikansa baya, ya zama Mystère. Sa'an nan aka yi Mirage III mai fiffike mai kusurwa uku, ya fara tashi a 1956. A 1958 wannan jirgi ya ninka gudun sauti sau biyu, fiye da kilomita 2000 a awa ɗaya ke nan. Abin da aka koya wajen jiragen soja, da shi aka ƙera Falcon 20 a 1963, ƙaramin jirgin manyan mutane.

Ba kullum ya ci riba ba. Jirgin fasinja Mercure, wanda ya tashi a 1971, ba ya tafiya mai nisa, 12 kaɗai aka yi. Kuma kada mu ɓoye, yawancin dukiyarsa daga kayan yaƙi ta fito. An sayar ma Isra'ila da Mirage, an sayar ma Libiya, an sayar ma gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Mutumin da ya ɗanɗani Buchenwald, a ganina ya kamata ya fi kowa duba hannun da yake miƙa ma makami.

Ya rasu a watan Afrilu na 1986, yana da shekara 94, yana ɗan majalisar dokokin Faransa. Jirgin Rafale, wanda aka fara aikinsa yana da rai, ya yi tashinsa na farko a watan Yuli na wannan shekara.