Ina Pygmalion a Cikin Pygmalion?

Fim ɗin Pygmalion ya fito a Ingila a 1938, baƙi da fari, kuma daga farkonsa har ƙarshe babu ɗan wasa ko ɗaya da ke amsa wannan suna. Akwai Farfesa Henry Higgins, masanin furuci, wanda Leslie Howard ya fito a matsayinsa. Akwai Eliza Doolittle, 'yar tallan furanni a Covent Garden, Wendy Hiller ke nan. Akwai Kanar Pickering, wanda ya yi musu da Higgins har da sa kuɗi, kan ko zai iya gyara bakin yarinyar cikin wata shida ta shiga taron manya ba a gane ta ba. To mai sunan fa?

Yana cikin littafin Ovid, mawaƙin Rumawa, shekara dubu biyu baya. Masassaƙi ne a tsibirin Ƙubrus, ya tsani mata, ya sassaƙa mace da hauren giwa, sai ga shi ya kamu da son aikin hannunsa. Venus, abar bautarsu ta soyayya, ta busa wa sassaƙen rai, aka yi aure. Daga nan George Bernard Shaw ya aro sunan ya liƙa wa wasan da ya rubuta a 1912.

Sunan ma ba na Rumawa ba ne, ba kuma na Girkawa ba. Masana suna mayar da shi ga Pumayyaton na Finikiyawa, mutanen gaɓar Lebanon ta yau, ma'anarsa "Pumay ya bayar", Pumay kuwa abin bautarsu ne. Wato dai Kyauta, irin sunan da ake sa wa ɗan da aka daɗe ana jira. Girkawa suka lanƙwasa shi daidai da bakinsu. Da Taufiƙ al-Hakim na Masar ya rubuta nasa wasan a 1942, Larabci ba shi da harafin p, sai ya koma Bijmaliyun. Mu da muka ce fasinja da fenti, Figmaliyan za mu ce, ba kuwa wanda zai kai mu ƙara.

Ita macen hauren fa? Ovid bai ba ta suna ba. Sai a ƙarni na 18 marubutan Turai suka raɗa mata Galatea, daga kalmar Girkanci ta madara, saboda farinta. Shekara wajen dubu ɗaya da ɗari bakwai tana matar aure babu suna.

Shaw ya ba tasa yarinyar suna, amma da zolaya a ciki. Doolittle, in an raba shi biyu a Turanci, "yi kaɗan" ne. Ubanta Alfred, mai kwasar shara, shi ya cancanci sunan, don ba ya ɓoye cewa ya fi son kwalba da aiki. Ita kuwa 'yar, tun tana talla har ta kai ga kwana tana maimaita wasula a gaban na'urorin Higgins, ba ta huta ba.

Karin harshenta shi ake kira Cockney, Turancin talakawan gabashin Landan, masu haɗiye harafin h a farkon kalma. Asalin kalmar a tsohon Turanci "ƙwan zakara" ne, wato ɗan ƙanƙanin ƙwai marar fasali. Daga nan ta koma sunan shagwaɓaɓɓen yaro, sannan mutanen karkara suka riƙa jifan ɗan birni da ita, don ganin ba ya iya wahala. Kalmar da aka ƙera don tsokanar 'yan gata ta ƙare a kan masu dako da 'yan talla.

A nan ne fassara ke ba da wuya. A wurinmu karin harshe gari yake nunawa: ka ji mutum ka ce Basakkwace ne, ko Bakatsine, ko daga Damagaram ya fito. A Landan ta Shaw, matsayi yake nunawa, ko da unguwannin biyu suna kallon juna. Kalmar da Ingilishi ke amfani da ita, class, daga classis ta Latin take, rukunan da Rum ta kasa 'yan ƙasa gwargwadon dukiyarsu. Daga baya ta shiga makaranta. Hausa ta bi hanyar ta baya: muna da aji na ɗalibai, sai ga 'yan zamani suna cewa wance mai aji ce, ko tana jan aji. Da za a taƙaita fim ɗin da Hausar titi, cewa za a yi an sa yarinya a aji har ta zama mai aji. Talakawa da sarakai da attajirai kuwa, waɗannan tsofaffin kalmominmu ne, kuma ba a shiga cikinsu ta hanyar gyara wasali.

Abin da ake son Eliza ta zama shi ne lady. Tushen wannan kalma mai ƙamshin turare shi ne "mai kwaɓa burodi", kamar yadda lord yake "mai tsaron burodi". Matan liyafar ofishin jakadanci da ke cikin fim ɗin, da an gaya musu haka, da sun nemi kujera.

Wannan liyafa ba ta cikin wasan na asali, don fim aka ƙara ta. A can ne wani tsohon ɗalibin Higgins, Karpathy, ɗan Hangari, ya saurari Eliza ya yanke hukunci cewa Turancinta ya yi tsabta da yawa, don haka baƙuwa ce, jinin sarautar Hangari. Furodusan fim ɗin, Gabriel Pascal, daga can ya fito. Shi kansa Leslie Howard, wanda ake kallo a matsayin cikakken Bature ɗan asali, Steiner ne sunan gidansu, mahaifinsa Bayahude ne daga Hangari.

Akwai kalma guda da ta fi duk waɗannan tayar da ƙura. A wurin shan shayi, cikin sabon lafazinta na 'yan gata, Eliza ta saki bloody, ashar ce ta 'yan kasuwa a wancan zamani. Da aka nuna wasan a Landan a 1914 jaridu sun yi ta surutu a kai, har masu kunya suka riƙa cewa "Pygmalion" a gurbin ashar ɗin. Sunan da ya fara da godiya ga abin bauta ya zama mayafin zagi. Fim ɗin 1938 bai cire kalmar ba.

Sai dai suna linzami ne, kuma a ganina Shaw da hannunsa ya ɗaura wa kansa. Ba ya son Eliza ta auri Higgins. A 1916 har dogon bayani ya rubuta a ƙarshen littafin cewa Freddy ta aura, wani saurayi marar ko sisi. Amma ya sa wa wasan sunan mutumin da ya auri sassaƙensa, ya kuma kira shi romance a ƙarƙashin take. Shi yana nufin labari mai wuyar aukuwa, 'yan kallo suka ji soyayya. Tsohuwar ma'anar kalmar kuwa ta fi duka biyun dacewa: labarin da aka rubuta da harshen gama-gari maimakon Latin ta malamai. Masu fim suka bi 'yan kallo, suka dawo da Eliza ɗakin Higgins, shi kuma yana tambayar silifas ɗinsa. Shaw ya karɓi kyautar Oscar ta rubutun fim ɗin, a kan Nobel da ya samu ta 1925. My Fair Lady, wasan waƙa na 1956 da fim ɗinsa mai kala na 1964, wannan ƙarshen suka gada.

Daga baya sunayen biyu suka rabu. Na namijin ya tafi wurin masana ilimi: Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun sa shi a taken littafinsu na 1968, kan yadda zaton malami ke ɗaga ɗalibi. Na macen ya tafi jami'ar MIT a Amurka, inda Joseph Weizenbaum ya bayyana wata manhajar kwamfuta a 1966, mai amsa wa mutum magana kamar tana fahimta. ELIZA ya sa mata.