Faifan Bidiyo: Asalinsa, Ciwonsa da Maganinsa

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa akwai wata jaka inda a ke adana faya-fayan biki da na suna, da na saukar karatu da dawowar alhazai. Ran da aka ɗauko ɗaya aka sa a na'ura, sau da yawa sai a ga fuskar amarya ta farfashe ta koma gida-gida kamar gurbin dara, murya ta sarƙe, hoto ya tsaya cak. Wani lokaci kuwa tsohon da ke sa albarka a cikin hoton ya riga ya rasu, babu sauran inda za a ga motsinsa ko a ji muryarsa sai a wannan faifai. To, wannan ciwo yana da asali, maganinsa kuma yana da tarihi.

Kafin faifai, kaset ne ke ci. A shekarar 1976 kamfanin JVC na ƙasar Japan ya fito da kaset ɗin bidiyo irin wanda a ke kira VHS, ya bazu cikin duniya har ya iso Kano, inda aka yi wasan Turmin Danya a kansa a 1990. Masu ɗaukar hoton biki su ma da shi suka fara sana'a. Amma zarensa ya kan yi funfuna, na'ura ta kan tauna shi, kuma duk wanda aka kwafa daga wani ba ya kai uwarsa haske.

Shi faifai, kamfanin Philips na Holan da na Sony na Japan ne suka haɗa kai suka ƙago shi, aka fara sayar da shi a 1982. Faɗinsa santimita 12 ne. Rubutunsa 'yan ramummuka ne waɗanda ido ba ya gani, a jere bisa layi guda wanda ya nannaɗe daga cibiya zuwa baki, tsawonsa ya fi kilomita 5. Wani siririn haske ne ke karanta shi, babu allurar da ke taɓa shi kamar faifan garmaho. Irin na bidiyo, watau VCD, ya fito a 1993, DVD kuma a 1996. Ganin babu abin da ke gugarsa, mutane suka ɗauka ba ya tsufa, waɗansu suka juye kaset ɗinsu a kansa suka zubar da na asalin.

Maƙeran faifai sun san ba zai rasa ƙarzuwa ba, saboda haka suka ari wata dabara ta lissafi wadda Irving Reed da Gustave Solomon suka wallafa a Amurka tun 1960. Misalinta kamar ɗan kasuwa ne da ya rubuta jimla a ƙarƙashin lissafinsa, in ruwa ya goge lamba ɗaya sai ya gano ta daga jimlar. Sa'an nan a kan warwatsa bayanin wuri-wuri, don kada karce guda ya cinye magana ɗaya gaba ɗaya. Da wannan na'ura ta kan cike giɓin da ya kai kusan milimita biyu da rabi, mai kallo bai sani ba. Aibin abin shi ne faifai ya kan daɗe yana ciwo a ɓoye, ba a farga sai ɓarna ta fi ƙarfin lissafi.

Faifai kuwa iri biyu ne. Na masana'anta, bugawa a ke yi da hatimi, ramummukansa na cikin jikin roba. Na gida, wanda kamfanin Taiyo Yuden na Japan ya fara yi a 1988, rini ne a shafe a cikinsa, haske ya kan bi yana toya shi ɗigo-ɗigo, shi ya sa a ke cewa an ƙona faifai. Rini kuwa, kowane marini ya san abin da rana ke yi masa. Zafi da laima su ma suna cinsa, balle in mai araha ne, ko an ƙona shi da gaggawa. Ko na masana'anta bai tsira ba, domin waɗanda aka buga a Blackburn ta Ingila tsakanin 1988 da 1993 da yawansu sun rine sun koma launin tagulla, don shafen da aka yi musu bai hana iska cin azurfarsu ba.

Dalilin farfashewar hoto shi ne tsimi. Don bidiyo ya shiga faifai, a kan yanka kowane hoto gida-gida, a ajiye cikakke guda, waɗanda ke biye da shi kuwa sai a rubuta abin da ya sauya kawai. In gida ɗaya ya ɓaci, duk na bayansa sai su gaji ɓarnar, har cikakken hoto na gaba ya iso, abin da ya kan ɗauki wajen rabin daƙiƙa a DVD.

Masu gyara sun koyi bin abin daki-daki. Da fari a kan wanke faifai, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga cibiya zuwa baki, domin karcen da ya bi layi ya fi wanda ya gitta shi ɓarna. Ƙarzuwar gefen da ke ƙyalli a kan iya goge ta da inji, amma in CD ya ɓantare ta gefen da a ke rubuta suna, rubutun ya tafi ke nan, don a can ya ke kwance. Daga nan a kan kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta da manhaja irin ddrescue, wadda ta kan fara ɗebe mai lafiya, sa'an nan ta koma wa wuraren da suka ƙi, ta yi ta maimaitawa. A kan gwada na'ura biyu ko uku, don abin da wannan ta kasa wata ta kan iya. In dangi suna da wani kofe, sai a cike giɓin wannan da wancan. Abin da ya goge ƙurmus kuwa ba ya dawowa, iyaka kwamfuta ta kintata shi daga hotunan da ke maƙwabtaka da shi.

Akwai kuma ciwo na biyu, watau ɓacewar na'urar karatu. A 1086 Sarki Wiliyam na Ingila ya sa aka ƙidaya ƙasarsa aka rubuta a fata, littafin da a ke kira Domesday, har yau yana nan ana karantawa. Da ya cika shekara 900, a 1986, BBC ta tara labarin ƙasar daga hannun 'yan makaranta, ta zuba a manyan faya-fayai biyu. Kafin 2002 na'urorin da ke karanta su sun kusa ƙarewa, sai da masanan jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aiki tuƙuru kafin a ceto shi. Yanzu ma yawancin sababbin kwamfutoci ba su da ƙofar faifai.

Saboda haka ma'aikatan gidajen adana tarihi suka tsaya a kan ka'ida guda: a yi kofe uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gida dabam, a riƙa dubawa ana sabuntawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Littattafan malaman Sakkwato da Katsina sun tsallake gara da gobara ne domin kowane almajiri ya kan kwafi na malaminsa tun takarda ba ta mutu ba.