Jarba, 1560: An Ci Tsibiri a Maris, An Rasa Shi a Yuli

Manyan motocin da ke ratsa Kazaure zuwa Daura da Damagaram, arewa suke fuskanta kamar ayarin da. Raƙuma kan ɗauki turkuɗi da fatu daga Kano, su bi ta Agadas da Gat da Gadamas, su sauke a Tarabulus, bakin Bahar Rum. A kan wannan tasha aka yi rigimar da zan ba ku labarinta.

A 1551 Daular Usmaniyya, ta Santambul fa, ba tamu ta Sakkwato ba, ta ƙwace Tarabulus daga mayaƙan Malta. Sarkin Sifaniya, Filib na Biyu, ya tara jiragen yaƙi don ya karɓo ta. Shiri ya yi ta jan ƙafa, cuta ta cinye mutane tun ba a ga abokin gaba ba. Da suka iso kusa da Tarabulus a farkon 1560, sai suka karkata zuwa tsibirin Jarba, a gaɓar Tunisiya ta yau. Cikin Maris suka kama shi ba wata wahala, suka hau ginin ganuwa.

A ganina nan suka yi wauta: sun zauna kamar Santambul ba ta da kunne. Ranar 11 ga Mayu, Piyale Pasha ya bayyana da jirage sama da 80. Cikin 'yan sa'o'i ya nutsar ko ya kame kusan rabin jiragen yaƙinsu. Manyan kwamandojin biyu, Doria da Medinaceli, suka sulale cikin ƙaramin jirgi, suka bar Alvaro de Sande da dubban sojoji a ganuwa.

'Yan'uwa marubuta, in ƙagaggen labari za ku gina a kan wannan, ku bar igwa, ku kama tulu. Zafin bazara, teku ta ko'ina, amma ba na sha. Tankunan ruwansu suka ƙafe, har suka koma dafa ruwan gishiri suna tarar tururinsa. Haka suka jure har ƙarshen Yuli, ganuwa ta faɗi, aka tafi da de Sande Santambul a ɗaure.

Tarabulus ta zauna hannun Turkawa, kuma ta wannan ƙofa Mai Idris Alauma na Barno ya yi hulɗa da Santambul a shekarun 1570. A Jarba kuwa, an gina hasumiya da ƙoƙon kawunan waɗanda aka kashe. Tana nan tsaye har 1848, lokacin da aka rushe ta aka binne ƙasusuwan.