Sabo da Labarin Damina: Daga Bakin Fatake Zuwa Ma'aunin Ruwa

A unguwar Sabo ta Ibadan, da zarar an gama gaisawa da baƙon da ya sauko daga arewa, sai a tambaye shi damina. Ruwa ya sauka a Katsina? Gero ya yi kai? Kakana, wanda ya yi dillancin shanu har ƙarfinsa ya ƙare, yakan ce daga haƙarƙarin saniya yake gane daminar Damagaram. In aka sauke dabbobi a rame, masu su kuma suna neman rabuwa da su ko nawa aka taya, to can gida babu daɗi.

Tun kafuwar unguwar nan a 1916, abincinmu ya dogara da damina biyu. Goron ƙasar Yarbawa yana jiran ruwan kudu, shanu suna jiran na arewa, jirgin ƙasan da ya isa Kano a 1911 kuma yana kai wannan ya kawo wancan. A da, masu masaukin fatake suna samun labari ta wasiƙa da bakin matafiya. Abner Cohen, masanin da ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya lura cewa amana da saurin labari ne ke riƙe da wannan fatauci. Matsalar ita ce labarin yakan iso ne bayan ɓarna ta auku.

Farin 1972 da 1973 ya nuna iyakar wannan hanya. Dabbobi suka mutu daga Senigal har Chadi, Buzaye suka gangaro kudu suna neman aikin gadi. Ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS a 1973, shekara ɗaya bayan nan aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai, domin horar da masu auna ruwan sama da na koguna da lura da amfanin gona, a riƙa tattara abin da kowace ƙasa ta auna wuri guda. Daga 1998 masanan yanayi na Afirka ta Yamma suka fara zama duk shekara kafin damina su fitar da hasashe tare. Hakan ya zama dole, domin iskar da ke ɗauko ruwa daga teku ta ratsa Ibadan ta kai Maraɗi iska ɗaya ce, ba ta tsayawa a bakin iyaka.

Mu a nan, abin tsoronmu yawan ruwa ne. Rafin Ogunpa, wanda ke wucewa kusa da mu ta Mokola, ya yi ambaliya a 1963 da 1978, sannan ranar 31 ga Agustan 1980 ya yi wadda tsofaffinmu ba sa ambatonta sai da salati. Daren 26 ga Agustan 2011 ni kaina na gani. Da asuba muka tarar gadoji sun karye, katifu da tukwane sun maƙale a reshen bishiya, mutum fiye da 100 sun rasu a garin. Daga baya aka ji cewa ma'aunin cibiyar binciken noma ta IITA, wadda gidauniyoyin Ford da Rockefeller suka kafa a 1967 can kusa da kasuwar Sasa, ya nuna milimita 187.5 a wannan rana.

Ma'aunin nan ba wani abin kallo ba ne. Mazurari ne a bakin gwangwani, a fili nesa da inuwa. Kowace safiya ma'aikaci ya zo ya juye ruwan cikin kwalba mai zane, ya duba, ya rubuta, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Ina ganin girman mutanen nan ƙwarai, domin da wannan rubutu na shekara da shekaru ne ake iya bambance daminar da ta yi ƙarfi kawai da yanayin da ya soma sauyawa. Abin lura kuma, a al'ada ruwa kan lafa a Ibadan cikin Agusta, lokacin da yake zuba a Kano, amma manyan ambaliyoyin nan biyu duk a ƙarshen Agusta suka zo.

A 2017 masanan Ingila da Faransa suka bi hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, suka gano cewa manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, suka danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Wato ƙasar da kakana ke jiye wa fari yanzu ana jiye mata ambaliya ma.

Abin da ke damuna shi ne inda wannan sani ke tsayawa. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 a 2014 don maganin ambaliyar Ibadan, hukumar hasashen yanayi ta NiMet kuma tana fassara hasashenta na shekara zuwa Hausa, amma da wuya ka ji an karanta shi a tasha ko a ƙofar masallaci. A Oktoban 2022, da ruwa ya shafe hanya a Lokoja, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye, kayan gwari suna ruɓewa a cikinsu. Da yawan 'yan kasuwarmu ba su san halin da ake ciki ba sai da direba ya bugo waya daga bakin ruwa.